Abin da Teku Ke Bari Idan Ya Janye

Na yi wa yara uku alkawarin zan nuna musu dabbobin teku, kuma saura ƙiris in ji kunya a gabansu tun ranar farko. Akwai babbar 'yata mai shekara 11, da ɗan ƙanwata mai shekara 9, sai autana wanda bai daɗe da cika 6 ba. Mun isa gaɓar da misalin ƙarfe huɗu na yamma, kowannensu riƙe da bokitinsa, muka tarar ruwa ya cika ya batse, raƙuman ruwa suna dukan duwatsu suna watsa kumfa, babu abin da ido ke gani sai ruwa da sararin sama. Yarinyar ta duba nan ta duba can, sannan ta juyo ta ce, "Baba, ina dabbobin?" Na rasa amsar da zan ba ta. Wani dattijo da ke zaune a gefen kwale-kwalensa yana gyaran koma shi ne ya fitar da ni, domin da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi murmushi, ya ce mu dawo gobe da hantsi, lokacin da ruwa ya sauka. Laifin nawa ne ni kaɗai. Na karanta abubuwa da dama a kan halittun gaɓar teku, amma ban duba jadawalin hawa da saukar ruwa ba, alhali shi ne abu na farko da mai zuwa da yara ya kamata ya nema.

A daren nan na zaunar da su na yi ƙoƙarin bayyana musu abin da ya faru. Teku ba ya tsayawa a iyaka ɗaya. A yawancin gaɓoɓin duniya ruwa yana hawa sau biyu, ya sauka sau biyu a kowace rana, kuma babban dalilin haka shi ne jan da wata yake yi wa duniya, rana kuma tana ƙarawa da nata jan, wanda bai kai na wata tasiri ba. Tsakanin cika ɗaya da wadda ke bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin yake matsawa gaba da kusan minti 50 a kowace rana. A kwanakin tsayuwar sabon wata da kwanakin cikarsa, rana da wata suna ja a layi ɗaya, sai ruwan ya fi hawa kuma ya fi janyewa. A Mashigin Fundi da ke ƙasar Kanada, tazarar da ke tsakanin cika da sauka takan kai mita 16, wato kamar tsayin bene mai hawa biyar. Manyan biyu sun karɓi bayanin, amma auta ya ƙi. Ya leƙa ta taga ya kalli watan, ya dawo ya ce, "To Baba, ina igiyar da yake jan ruwan da ita?" Na gaya masa babu igiya, kamar yadda babu igiyar da ke jawo dutse ƙasa idan ka jefa shi sama. Ya yi shiru irin na wanda aka fi ƙarfinsa da magana amma ba a gamsar da shi ba.

Washegari da ƙarfe tara da rabi muna wurin, kusan awa guda kafin ruwan ya kai ƙarshen saukarsa, kuma kai ka ce wata gaɓa dabam aka kawo mu. Inda jiya raƙuman ruwa ke tashi, yau duwatsu ne baƙaƙe a shimfiɗe, jiƙe sharkaf, an lulluɓe su da ciyawar teku, kuma a kowane kwari na dutse ruwan ya bar ɗan kududdufi, wani kamar faɗin faranti, wani kamar faɗin ɗaki. Yaran suka ruga a guje, suka leƙa na farko, suka leƙa na biyu, ɗan ƙanwata ya zura hannu ya dama na uku, sannan ya yanke hukunci da babbar murya: "Kawu, babu komai a ciki, duwatsu ne kawai."

A nan ne na yi abin da nake ganin shi kaɗai ne aikin kirkin da na yi a duk tafiyar. Na zaɓi kududdufi ɗaya matsakaici, na zaunar da su ta gefen da inuwarsu ba za ta faɗa kan ruwan ba, na ce kada wanda ya yi magana ko ya motsa hannu har sai na ƙirga ɗari uku a zuciyata. Minti na farko ya yi musu tsawo ƙwarai, har auta ya fara sosa ƙafa yana hararata. A minti na biyu ruwan ya kwanta ya yi garai-garai, sai wani abu da muka ɗauka tsakuwa ce ya fito da ƙafafu ya fara tafiya. Wani ɗan kifi mai launin yashi, wanda tun ɗazu yake kwance a gabanmu ba mu gan shi ba, ya zabura ya koma ƙarƙashin dutse. Wani jatan lande da jikinsa yake kamar gilashi, ana hango cikinsa, ya fito yana tafe da ƙafafu sirara kamar zare, yana taɓa komai da gashin bakinsa. A jikin bango kuma wani dunƙulallen abu ja, mai kama da tsokar nama, ya buɗe a hankali ya baje yatsu masu yawa, ya zama fure. Ban kai ƙarshen ƙirgata ba yarinyar ta kama hannuna ta matse, ba ta ce komai ba. Dabbobin nan duk suna nan tun farko. Gudun yaran da inuwarsu da damar ruwan ne suka sa kowace ta shige maɓoyarta, domin a wurin halittar da ba ta wuce tsawon yatsa ba, inuwar da ta gifta ta sama tana nufin tsuntsu ne ya zo cin abinci.

Na lura cewa da zarar yaro ya ga abu da idonsa, tambayarsa ta farko ita ce sunan abin, kuma a nan na yanke shawarar barin su su raɗa da kansu. Yawancin waɗannan halittu sunayensu na littafi ba sa zama a bakin yaro, kuma sunan da aka haddace ba tare da an kalli mai sunan ba, kafin dare ya gudu. Mai kama da fure suka kira shi furen teku. Wata dunƙulalliya mai ƙayoyi da ke lafe a cikin rami suka ce bushiyar teku ce. Wasu ƙanana masu ƙoƙo mai tsini da suka manne da dutse, yarinyar ta ce 'yan malfa ne, kuma har yau ban ji sunan da ya fi wannan dacewa da su ba.

'Yan malfar nan sun ci mana lokaci. Ɗan ƙanwata ya so ya ɓamɓare ɗaya, ya sa farce, ya sa ƙarfi, ta ƙara kama dutsen kamar an kafe ta da ƙusa, har na hana shi don kada ya ji mata rauni. Dangin dodon koɗi ce. Idan ruwa ya rufe dutsen takan fita kiwo, tana kankare gansakuka da wani harshe mai jerin ƙananan haƙora, kuma kafin ruwan ya janye irin da yawa daga cikinsu sukan koma daidai gurbin da suka baro, inda bakin ƙoƙon ya dace da dutsen, su rufe kansu da ɗan ruwan da zai ishe su har teku ya dawo. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Fotsmos da ke Ingila suka auna waɗannan haƙora, suka tarar sun fi zaren gizo-gizo ƙarfi, wanda a da shi ake ɗauka ya fi komai ƙarfi a cikin abin da mai rai ke ƙerawa. Da na faɗi haka yaron ya dubi farcensa da ya ɗan karye, ya ce ai shi ya sa.

Kusa da su akwai wasu fararen ƙuraje masu kaifi da suka rufe dutsen, waɗanda yaran suka rantse ba su da rai. Na sa suka nemi waɗanda ruwa ya rufe, suka sa ido. Sai ga ɗan murfi yana buɗewa a saman kowanne, wani abu kamar gashin tsuntsu yana fitowa, ya sharo ruwa ya koma, ya sake fitowa. Ƙafafun dabbar ke nan. Tana ƙarama takan yi iyo a teku, sannan ta sami dutse ta liƙa kanta a jikinsa da wani irin gam, ta gina ɗaki ta kewaye jikinta, ta ƙare rayuwarta kai a ƙasa ƙafafu a sama, tana shuro abinci zuwa bakinta. Duk da ƙoƙon da ke jikinta, 'yar'uwar ƙaguwa da jatan lande ce. Masanin nan Charles Darwin ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin waɗannan ƙuraje kaɗai. Auta ya tambaye ni ko mutumin ba shi da wani aiki ne.

Gardama mafi zafi a ranar ta tashi ne a kan furen teku. Yarinyar ta ce tsiro ne tunda ba ya tafiya kuma yana da kamar ganye, ɗan ƙanwata ya ce dabba ce tunda ya ga ta motsa. Na bar su suka yi ta yi, har wani ɗan guntun nama da ruwa ya kwaso ya taɓa yatsun furen, nan take yatsun suka lanƙwashe suka tura shi cikin rami da ke tsakiya. Gani ya kori ji, yarinyar ta janye maganarta. Dabba ce, dangin murjani da jelifish, wato halittar nan mai taushin jiki kamar lema da ke yawo a cikin teku, kuma yatsun nan cike suke da ƙananan ƙwayoyi masu harbi da take sumar da abin da za ta ci. Idan ruwa ya janye ya bar ta a fili sai ta tattara yatsun ciki ta dunƙule don kada ta bushe. A nan na sami damar nuna musu cewa zaman kududdufi ba zaman daɗi ba ne. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, to idan rana ta buɗe ruwan kududdufin yakan yi zafi, ya ragu, gishirin ya ƙaru, idan kuma aka yi ruwan sama sai gishirin ya tsinke, bayan 'yan awoyi kuma raƙuman ruwa su dawo da sanyi da duka. Duk abin da ke zaune a wurin ya iya jure wannan juyi sau biyu a rana, shi ya sa kusan kowannensu yake da murfi, ko ƙoƙo, ko wata dabarar mannewa.

Tun da muka iso auta ya duƙufa tsintar katantanwa yana zubawa a bokitinsa, da niyyar ya tafi da su gida ya jera a taga. Can muka ji ya ƙwalla ƙara ya yar da bokitin. Ɗaya daga cikin katantanwar ta fito da ƙafafu da idanu biyu a kan tsinke, tana hawa gefen bokitin. Ƙaguwa ce mai aron gida. Gabanta yana da sulke kamar na sauran ƙaguwoyi, amma bayanta taushi gare shi kuma a murɗe yake, saboda haka sai ta nemi gidan dodon koɗin da ya mutu ta shige da baya, ta toshe ƙofar da babban hannunta. Gidan ba ya girma tare da ita, don haka duk sa'ad da ta ƙara girma dole ta nemi wani. An sha ganin irin waɗannan ƙaguwoyi sun taru a gaban babban gidan da babu kowa, sun yi layi daga babba zuwa ƙarama, da zarar babbar ta koma sabon gida sai mai bi mata ta shige wanda ta bari, haka har ƙarshen layi. Da yaron ya dawo hayyacinsa muka zazzage bokitin a kan dutse muka jira, sai ga uku daga cikin goma sha ɗaya sun tashi sun kama hanya. Na gaya masa cewa ragowar takwas ɗin ma, ko da yake babu kowa a ciki yanzu, gidaje ne da wasu ke nema. Bai ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan, ya mayar da su cikin bokiti ya ce zai yi tunani.

Yarinyar ce ta gano tauraron teku, manne a ƙarƙashin wani dutse da ya yi rumfa. Ban bari an cire shi daga ruwa ba, sai na sa tafin hannuna a gabansa cikin ruwan, muka jira har ya ɗora hannu ɗaya a kai, yaran suka kwanta rub da ciki suna kallon ɗaruruwan ƙananan ƙafafu masu kama da bututu suna miƙewa, suna kamawa, suna saki. Wannan dabba ba ta da ƙwaƙwalwa kuma ba ta da jini irin namu, ruwan teku take turawa cikin bututun jikinta ta motsa ƙafafun. A ƙarshen kowane hannu akwai ɗan ɗigon ido da ke bambanta haske da duhu, kuma idan hannu ya gutsure wani yakan tsiro. Yadda take cin abinci shi ya fi burge ɗan ƙanwata: takan rungume ƙumba, ta yi ta ja har bakin ya ɗan buɗe, sannan ta fito da tumbinta waje ta cusa shi ciki, ta narkar da naman a cikin gidansa. Ya sa na maimaita masa sau biyu, yana yamutsa fuska yana dariya.

Akwai labarin da nake so game da wannan dabba, na kuwa ba su shi a wurin. A shekarar 1963 wani masani mai suna Robert Paine ya zaɓi wani yanki na duwatsu a gaɓar Makah da ke jihar Washinton ta Amurka, ya riƙa zuwa yana ɓamɓare taurarin teku daga wurin yana jefa su can cikin ruwa, ya bar yankin da ke kusa yadda yake, don ya ga abin da zai biyo baya. Da mai cin ƙumba ya kau, sai ƙumba ta yaɗu ta mamaye dutsen ta kori sauran, har nau'o'in halittun da ke wurin suka ragu daga 15 zuwa 8. Cire dabba ɗaya ya kusa raba wurin da rabin mazaunansa. Yarinyar ta yi tambayar da ban shirya mata ba, ta ce to idan kowane yaro da ya zo ya tafi da tauraro ɗaya fa? Na ce mata lissafin nata ne, ta yi shi da kanta. Na ga auta ya saci kallon bokitinsa.

Sun kuma kusa yi wa wata ƙaguwa jana'iza. Sun same ta kwance a kan yashi, cikakkiya da ƙafafunta da idanunta, ba ta motsi, har auta ya fara haƙa rami. Da na ɗaga ta sai na ji ba ta da nauyi ko kaɗan, na buɗe bayan na nuna musu babu komai a ciki. Riga ce mai ita ta tuɓe. Sulken ƙaguwa ba ya miƙewa, saboda haka idan ya matse ta sai ya tsage ta baya ta zare jikinta, ta ɓuya na 'yan kwanaki har sabon ya yi tauri. Oktofus kuwa, wato dabbar teku mai taushin jiki da dogayen hannaye, ba mu gan shi ba, sai dai ƙofar gidansa, wato wani rami a ƙarƙashin ruwa da tarin ɓawon ƙaguwa da ƙumba a bakinsa, irin sharar da yakan tura waje bayan ya ci. Yaran sun yi zaman kusan rabin awa a gaban ramin, su da ɗazu minti ɗaya ya gagare su. Ina ba su labarin zuciyoyinsa uku da jininsa shuɗi, da yadda kusan kashi biyu cikin uku na jijiyoyin tunaninsa suke cikin hannayensa takwas, da yadda yake bi ta duk ramin da bakinsa mai kama da na aku zai iya wucewa, amma rabin hankalinsu yana kan ramin. Ɗan ƙanwata ya dage cewa ya ga ido. Ni ban gani ba, ban kuma ƙaryata shi ba.

Wajibi ne in faɗi ɓangaren da ba na wasa ba, domin teku ba ya duba shekarun mutum. Tun kafin mu taka dutse na kafa musu sharuɗɗa, kuma ban sassauta ko ɗaya ba. Babu mai juya wa teku baya, saboda a cikin raƙuman ruwa akan sami ɗaya da ya fi sauran girma ya zo ba zato. Babu mai cire takalmi, saboda ƙurajen nan na dutse suna yanka kamar reza, ƙayar bushiyar teku kuma tana karyewa a cikin nama. Babu mai zura hannu a ramin da ba ya ganin ƙarshensa. Duk dutsen da aka ɗaga a mayar da shi a hankali yadda aka same shi, domin halittun da ke ƙarƙashinsa rana tana kashe su, na samansa kuma duhu yana kashe su. Ni kuma aikina shi ne duba agogo da duba hanyar komawa, tunda ruwa idan zai dawo yakan zagayo ta kwari ya yanke wa mutum hanya ta baya alhali gabansa a bushe yake. Amfanin sharaɗin taɓawa ya fito fili lokacin da auta ya hango wani abu shuɗi mai sheƙi a kan yashi, kamar balan-balan da ta saki, ya nufe shi da gudu. Yayarsa ce ta riƙe masa riga. Wata halitta ce dangin jelifish mai yawo a saman ruwa, wadda zaruruwanta kan kai mita 10 ko fiye, kuma suna harbi ko bayan ta mutu. Haka nan a tekuna masu ɗumi akwai dodon koɗi mai gida kamar mazurari, kyakkyawa ƙwarai, wanda yake harbi da dafin da ya taɓa kashe manya. Abin da ya fi kyau a ido a gaɓar teku shi na fi hana su taɓawa.

Da yamma muka koma ɓangaren yashi, inda wasu ƙaguwoyi farare masu gudu kamar iska suke fitowa daga ramuka, yaran suka bi su har suka gaji ba su kama ko ɗaya ba. Wata leda da muka gani tana lilo a cikin ruwa ita ta jawo zancen kunkurun teku, domin a ido ba ta da maraba da jelifish, kuma jelifish shi ne abincin mafi girma a cikin nau'o'in kunkurun teku bakwai da ake da su. Na gaya musu yadda uwar take fitowa da dare ta haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai kimanin ɗari ta koma, yadda ƙwan ke yin wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe, da yadda zafin yashin ke yanke jinsin 'ya'yan, idan ya haura kimanin digiri 29 mata su fi yawa, idan ya gaza maza su fi yawa. 'Ya'yan suna fitowa ne su nufi inda ya fi haske, wanda a asali shi ne saman teku, shi ya sa fitilun gine-gine da ke bakin gaɓa suke juyar da su su nufi tudu. Ɗan ƙanwata ya shiga ruwan iya idon sawu ya ciro ledar, ba tare da na ce masa komai ba.

Babbar dabbar da ba za su taɓa gani a kududdufi ba kuwa, a kan yashi muka zana ta. Na auna mita 30 da taku na ja layi, na ce wannan shi ne tsawon shuɗin wel, dabbar da ba a san wadda ta fi ta girma ba a tarihin duniya. Suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, kai da ƙafa, suna ƙirgawa, suka ƙare a wajen ashirin da uku. Na sake jan ɗan layi na mita 7 na ce ga jaririnta ranar da aka haife shi. Kalmar haihuwa ce ta sake tayar da gardama, domin su a wurinsu duk abin da ke cikin ruwa kifi ne, kifi kuma ƙwai yake yi. Na ce wannan tana haihuwa, tana shayarwa, kuma sai ta taso sama take shaƙar iska, idan ta daɗe a ƙasa za ta nutse kamar kowa. Na ba su wata alama mai sauƙin riƙewa, cewa kifi yana kaɗa wutsiyarsa dama da hagu, wel da dolfin kuwa sama da ƙasa. Da suka ji cewa abincin wannan ƙatuwa wasu ƙananan halittu ne masu kama da jatan landen da suka gani da safe, auta ya ce wannan kam ya fi maganar wata wuyar yarda.

A rana ta uku ban duba jadawali ba, yarinyar ce ta ƙara minti 50 a kan lokacin jiya ta ce mu fita ƙarfe goma da minti ashirin, kuma lissafinta ya yi daidai. Wannan karon babu wanda ya ruga. Suka je kududdufinsu na jiya, suka zagaya ta gefen da inuwa ba ta faɗawa, suka zauna, har ɗan ƙanwata yana yi mini alama da hannu in rage magana. Auta ya zo da bokitinsa da katantanwa takwas a ciki, ya kwana da su a gefen shimfiɗarsa. Ya daɗe yana juya su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ware wata da ta fashe ta gefe, ya kawo mini ya ce, "Baba, wannan ai ba mai iya zama a ciki, ko?" Na duba na ce gaskiya ne, ruwa da maƙiyi duk za su shiga ta nan. Ya sa ta a aljihu. Sauran bakwai ya jera su a cikin ruwan daga babba zuwa ƙarama, bakinsu yana kallon sama, kusa da inda wata 'yar ƙaguwa ke jan gidan da ya yi mata kaɗan. Ta zo ta tsaya a gaban ta uku, ta zura hannu ciki, ta juya ta, ta sake zurawa. Muna nan tsugune muna jira har na ga ruwa ya fara shigowa ta kwarin da ke bayanmu, na ce kowa ya tashi. Auta ya yi ta waiwaye har muka hau tudu, yana tambayar Yayarsa ko ta ga ta shiga.